Kafin yaro ya buɗe akwatin sabar, me muka koya masa?

A garuruwanmu, in aka ce yaro ya iya gyaran kwamfuta, saurin hannunsa ake nufi. Ya kwance, ya canja abin da ya lalace, ya ɗaure, na'ura ta tashi, mai kaya ya biya. Da wannan iyaye ke alfahari, a kansa kuma malamai ke ba da maki. Ni kuwa ina ganin ba a nan ya kamata mu aza ma'auni ba. Aikin da ke jiran yaran da muke turawa lise teknik da cibiyoyin koyon sana'a da jami'o'in Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, rabinsa ana gama shi tun kafin a taɓa turnabis. Wannan rabin ne muka fi sakaci da shi, kuma a cikinsa ake rasa yatsa, ko aiki, ko rai.

Bari in fara da bayyana abin da nake magana a kai, don iyaye da yawa ba su taɓa ganinsa ba. Duk lokacin da ka aika kuɗi ta waya, ko ka duba sakamakon jarrabawar ɗanka, ko ma'aikacin banki ya ce maka "dakata, rezo bai zo ba", akwai wata babbar kwamfuta a wani ɗaki da ke amsa kiran. Ana ce mata sabar. Ba a ajiye ta bisa tebur. Ana jera su ne ɗaya bisa ɗaya cikin dogon akwatin ƙarfe mai ƙofa gaba da baya, wanda masu aikin ke kira rak. Faɗin gurbin da ake zura na'ura yawanci inci 19 ne, wato santimita 48 da ɗoriya, tsayin babban akwati kuma yakan kai mita 2, da gurabe 42 a cikinsa. Kowace sabar na zaune bisa ƙarafa biyu masu zamewa, a jawo ta waje kamar aljihun tebur in za a yi mata aiki. Bankuna na da irin waɗannan akwatuna, kamfanonin waya da na aika kuɗi na da su, ma'aikatun gwamnati da jami'o'i ma haka. Aikin shimfiɗa wayar fiba da ta ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya zuba wa kuɗi, ya haɗa da babbar cibiyar ajiyar bayanai ta ƙasa a Yamai. Wa zai riƙa buɗe waɗannan akwatuna? Yaran da ke zaune gabanmu a aji yau.

Haɗari na farko bai ma shafi lantarki ba, nauyi ne. Sabar guda cike da kayanta takan kai nauyin buhun shinkafa mai kilo 25, wasu su fi buhun siminti. Akwati cikakke ɗaruruwan kilo ne, wani ya haura tan guda. Yana tsaye bisa ɗan ƙaramin gindi, ga tsawo. In ka jawo sabar mai nauyi daga sama ta fito kusan mita guda, ka matso da nauyin akwatin gaba. Ka jawo ta biyu, sai akwatin ya biyo ka, kai kuma kana tsaye daidai inda zai faɗo. Shi ya sa littafin kowane kamfani mai ƙera su ke farawa da magana guda: a sauke ƙafafun akwatin su zauna daram a ƙasa, don tayoyinsa na tura shi ne kawai, a fito da ƙarfen da ke hana shi kifewa in yana da shi, kada kuma a taɓa jawo na'ura fiye da ɗaya a lokaci guda. Masu nauyi a ƙasa ake sa su, marasa nauyi a sama. Kamfanin IBM har ƙa'ida ya rubuta: abin da ya kai kilo 18 mutum biyu ke ɗagawa, na kilo 32 mutum uku, wanda ya kai kilo 55 kuma sai da na'urar ɗaga kaya. Saurayi ɗan shekara 20 da ya saba ɗaukar buhu a kasuwa zai yi wa wannan dariya. Buhu in ya kuɓuce, ƙasa yake faɗawa. Sabar in ta kuɓuce, gefen ƙarfenta kan yatsun ƙafarka yake sauka, sannan ga miliyoyin da ka fasa.

Na biyu shi ne wutar, kuma a nan nake so malamai su tsaya su daɗe. Yaro ya taso da sanin cewa in ka zare waya daga bango, abu ya mutu. Radiyo haka yake, firigo haka yake. Sabar ba haka take ba, don an ƙera ta ne musamman don kada ta mutu. Yawanci wayoyin wuta biyu gare ta, kowace daga layi daban, ta yadda in ɗaya ta yanke ɗayar za ta riƙe. Ka zare ɗaya, na'ura na nan da ranta. Ka danna maɓallin kashewa na gaba, fankoki su tsaya, amma akwai sashen da ke nan a farke muddin waya na jone. Bayan haka akwai onduler, wato na'urar batura da ke karɓar aiki nan take in kuran ya tafi, bayanta kuma ga gurup da ke tashi da kansa cikin ƴan daƙiƙu ba tare da kowa ya taɓa shi ba.

Mu da muke zaune inda ake ɗauke wuta sau da yawa, musamman a bazara, akwai wata ɗabi'a da ta shige mu: in kuran ya tafi, sai a ce to yanzu ne lokacin gyara. Masu haɗa waya a gidaje sun daɗe suna yin haka, wasu sun tsira, wasu ba su tsira ba, don wutar ba ta sallama in za ta dawo. A ɗakin sabar kuwa maganar ta fi muni, don ko unguwa duka ta yi duhu, akwatin nan cike yake da wuta. Kuran ɗinmu volt 220 ne. Abin da ke iya birkita bugun zuciyar mutum in ya ratsa ƙirjinsa bai taka kara ya karya ba: daga miliyamfa 30 haɗari ya fara, kusan abin da ƙaramin ƙwan lantarki mai wat 7 ke ja. Ko baturan volt 48 da kamfanonin waya ke sakawa a gindin dogayen ƙarafansu, waɗanda ba su cika jan mutum ba, in ƙarfe ya haɗa bakinsu biyu, zobe ko agogo ko kile, wutar da za ta bi ta ciki na iya narkar da shi a jikin mai shi. Don haka ake cire zobe da agogo da sarƙa kafin a shiga. Don haka kuma ba a buɗe akwatin da ke rarraba wa sabar wuta ko an zare shi, saboda yana riƙe caji bayan an kashe. In ya lalace, canja shi ake yi ɗungurungum.

Masu aikin lantarki a ƙasashen da muka gaji tsarin karatunsu suna da tsari a kan wannan, kuma ba dogo ba ne. A Faransa an rubuta shi cikin ƙa'idar NF C 18-510. Ka raba abin da za ka yi wa aiki da duk inda wuta ke shigo masa. Ka sa kwaɗo a makunnin, da takarda mai sunanka, makulli a aljihunka. Ka tabbatar abin da ka kashe shi ne abin da za ka taɓa, don akwatuna goma a jere kamanninsu ɗaya. Sannan ka gwada da na'urar gwaji ka ga ba wuta, bayan ka fara gwada ita na'urar a inda ka san akwai wuta, don na'urar da ta lalace kullum "ba wuta" za ta ce maka. Turnabis ɗin nan mai ƴar fitila da kowa ke ratayawa a aljihu ba abin da za a jingina rai a kansa ba ne.

Haɗari na uku ya juya: nan kai ne ke cutar da na'ura. Kowa ya san abin da ke faruwa da hunturu, ka cire rigar sanyi cikin duhu ka ji tana ƙyas-ƙyas, ka taɓa ƙofar mota ta ɗan tsikare ka. Wuta ce da ke taruwa a jiki saboda gogayya, kuma bushewar iska ke ƙara mata ƙarfi. Mutum ba ya jin ta sai ta kai wajen volt 3000. Ƙananan kayan cikin sabar kuwa, wasunsu ƙasa da volt 100 ya isa ya lalata su. Ke nan kana iya kashe kaya da yatsanka ba ka ji komai ba, ba ka ga komai ba. Wani lokaci ma ba nan take yake mutuwa ba, rauni yake yi, ya ci gaba da aiki, bayan wata biyu ya fara ba da wahala, a ce kayan ne jabu. Littattafan da muke koyarwa da su an rubuta su ne a ƙasashen da iskarsu ke da laima, to in su suna tsoron wannan, mu da ke Tawa a watan Janairu fa? Maganin ɗan madauri ne da ake ɗaurawa a wuyan hannu, a maƙala igiyarsa ga ƙarfen akwatin, da jakar leda ta musamman da ake ajiye kayan a ciki.

A nan sai in ja kunnen masu dabara, don mu mutane ne masu dabara kuma sau da yawa ita ke fisshe mu. Kada wani ya ce zai haɗa madaurin da kansa da guntun waya. Na gaske yana da wani ɗan abu a ciki mai tare wuta, mai ƙarfin om miliyan guda, wanda ke barin tartsatsin jiki ya tsiyaye a hankali amma ya hana kuran ratsa ka in ka taɓa inda bai kamata ba. Waya tsirara ɗaure a hannu hanya ce ka buɗe wa wutar. Kuma duk wannan sai in shi kansa akwatin an haɗa shi da ƙasa yadda ya kamata. Busasshen rairayi ba ya karɓar wuta da kyau, don haka ƙarfen da aka kafa da damina ya yi daidai, a auna shi kuma da rani.

Sauran shirin ba shi da wuyar fahimta. A sanar da masu amfani da na'urar lokacin da za a tsayar da ita. A tabbatar akwai kwafin bayanan a wani wuri, kuma an gwada kwafin yana buɗuwa. A kunna ƴar shuɗiyar fitilar da ke nuna wace sabar ce, don wanda ya zagaya baya ya gane ta cikin tarin wayoyi. A sa wa kowace waya alama, a ɗauki hoto da salula kafin a zare komai. Kada a leƙa bakin wayar fiba, haskenta ido ba ya ganinsa amma yana iya lahanta shi. A duba littafin na'urar a ga wane kaya ake iya canjawa tana aiki, wane ne sai an kashe. Kada mutum ya yi aikin wuta shi kaɗai a ɗaki rufe.

Wani zai ce wannan duk tsoro ne na masu littafi, ƙwararre ba ya buƙatarsa. To ga ƙwararru. Ranar 27 ga Mayu 2017, kamfanin jiragen sama na British Airways ya tsaya cik a filayen jirgin London. Shugaban uwar kamfanin na lokacin, Willie Walsh, ya ce wani injiniya ne ya katse wutar cibiyar bayanansu, aka kuma maido ta ba bisa tsari ba, ta lalata na'urori. Fasinjoji wajen 75,000 abin ya shafa. Ranar 26 ga Satumba 2025, a birnin Daejeon na Koriya ta Kudu, ma'aikata na cikin kwashe baturan onduler na cibiyar bayanan gwamnati za su mai da su ƙasan gini, sai ɗaya ya kama da wuta. Ayyukan gwamnati sama da 600 suka tsaya, wata ma'ajiyar takardun ma'aikata da ba ta da kwafi a ko'ina kuma ta tafi. Waɗannan ƙasashe ne masu kuɗi da kayan aiki, duk biyun kuma ana tsakiyar aikin gyara ne abin ya auku. Mu da in na'ura ta ƙone sai an yi watanni ana jiran wata ta iso ta tashar ruwan wata ƙasa, ba mu da hujjar yin ƙasa da abin da suke yi.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya wuce jerin ƙa'idodi. Ku sake duba maganar kwaɗon nan. Ƙa'idar ita ce wanda ya sa kwaɗo shi kaɗai ke cire shi. Ko darakta ne ya zo, ko mai kamfani, ba shi da ikon kunna wutar sai ɗan aikin da hannunsa ke ciki ya fito ya buɗe da kansa. Yanzu ku auna wannan da tarbiyyar da muke ba yaranmu. Mun koya masu kada su musa wa babba, kada su kalli maigida ido cikin ido, in an ce yi su yi. Tarbiyya ce mai kyau, ni ma a cikinta na tashi kuma ba na son a zubar da ita. Sai dai ku kwatanta yaro ɗan koyo a makonsa na farko. Maigidansa ya ce, "Kai, zaro waccan mu gani, ba mu da lokaci." Yaron ya ga ƙafafun akwatin ba su sauka ba, ya ga waya ta biyu na jone. Me zai yi? Mafi yawansu za su zaro, don kunyar musu ta fi masu tsoron wuta. Muna bukatar yaron da zai iya cewa, cikin ladabi, "Maigida, a gafarce ni, bari in duba wayar baya tukuna," ya kuma tsaya a kan haka. Wannan jimla ba a lakwal kaɗai ake koyonta ba. In yaro a gida duk lokacin da ya ce "Baba, wannan fa?" tsawa yake samu, ba zai faɗe ta a wurin aiki ba.

Akwai ƙorafi guda da nake ɗauka da muhimmanci. Malamai za su ce: makarantarmu ba ta da sabar, ba ta da rak, wani lokaci ko kwamfuta goma masu aiki ba mu da su, da me za mu koyar? Gaskiya ne, kuma haƙƙi ne a ci gaba da neman kayan daga hukuma. Amma shirin da nake magana a kai shi ne sashen da ya fi araha a duk sana'ar. Tsohuwar armuwar ƙarfe mai aljihuna da ke ofishin darakta ta isa a nuna yadda akwati ke kifewa: a sa bulo a aljihun sama, a jawo shi a hankali mutum biyu na riƙe da ita ta baya, yara su ga gindinta na ɗagawa. Darasi ne na kimiyyar fizik da ke cikin manhaja tun CEG, sai dai mun saba yin sa a allo da alli. Ƴar regilar roba da aka goga a gashi ta ɗauki guntayen takarda, kowane yaro ya yi wasan nan, saura a gaya masa abin da hakan ke yi wa kayan kwamfuta. Kwaɗo da takarda kuwa akwai su a kowace kasuwa. A raba yara biyu-biyu, ɗaya ya zama maigida mai gaggawa, ɗaya ɗan koyo, a ga ko zai iya riƙe makullinsa.

Sai batun maki, wanda ya fi komai tasiri, don yaro abin da ake ba maki yake ɗauka da gaske. Muddin jarrabawar aikin hannu tambayarta ita ce "na'urar ta tashi?", saurin hannu za mu ci gaba da yayewa. Da ni ke tsara ta, ɗalibin da ya gyara na'ura amma bai gwada wuta ba kafin ya sa hannu ya faɗi, ko da ya riga kowa gamawa. Wanda lokaci ya ƙure masa yana kan hanya madaidaiciya kuma ya samu rabonsa. Na san wannan zai yi wa wasu iyaye zafi ranar da ɗansu mai hazaƙa ya dawo da ƙaramin maki. Gara ya ji zafin a takarda. Haka ake yi a jarrabawar tuƙi: wanda ya ƙetare jar wuta ba a duba iya fakin ɗinsa.

Ga iyaye kuma, musamman masu kai yaro wurin wani maigida ya koyi gyara a kasuwa ko a kamfani, yawanci abin da muke tambaya shi ne shekara nawa zai yi, da ko za a riƙa ba shi na abinci. A ƙara da wasu tambayoyin. A ce wa maigidan ya nuna madaurin hannu da na'urar gwajin wuta. A tambaye shi ko yaro zai taɓa yin aikin batura shi kaɗai. In yaron ya dawo gida, a ce ya faɗi abin da yake yi kafin ya buɗe na'ura, bi da bi. Uba ko uwa ba sa bukatar sanin kwamfuta don su gane amsar. In ya fara da "sai in kwance murfin", a koma wurin maigidan a yi magana tun makon bai ƙare ba.